RRTMG da hazon Jos: ra'ayin mai aiki da shi

Duk ɗalibin da ya shigo ofishina da aikin digiri na biyu a kan yanayin Filato, tambayarsa ta farko ba ta wuce wannan: "Malam, a fayil ɗin saiti na WRF, wace lamba zan sa a layin haske?" Nakan ce ya sa 4 a gajeren zango, ya sa 4 a dogon zango. Lamba 4 ita ce RRTMG, tsarin da ke lissafa yadda hasken rana da zafi ke ratsa iska. Da shi nake aiki tun da na fara wannan harka a nan Jos, shi kuma nake ba kowa shawara ya ɗauka. Sai dai shawarar tana da sharuɗɗa, sharuɗɗan kuma sun fi ta tsawo, shi ya sa na ga gara in rubuta su wuri ɗaya maimakon in riƙa maimaita su a tsaye a bakin ƙofa.

Ga wanda ba fanninsa ba ne: WRF manhaja ce ta kwaikwayon yanayi da cibiyar NCAR da ke Boulder a Amurka take kula da ita, kowa na iya sauke ta kyauta. Tana yanka sararin samaniya gida-gida, hawa-hawa, sannan ta lissafa iska da zafi da ruwan kowane gida. A cikinta akwai sashen da aikinsa ɗaya ne, ya faɗi nawa ne daga hasken rana ya iso ƙasa, nawa iska ta shanye a hanya, nawa ya koma sama, sannan nawa ne daga zafin da ƙasa ke fitarwa ya tsere, nawa ya dawo. Hasken rana shi ne gajeren zango, zafin da ƙasa da iska ke fitarwa shi ne dogon zango. A saman sararin samaniya rana tana zuba wat 1361 a kowane murabba'in mita da ya fuskance ta. Idan aka raba wa duniya baki ɗaya, dare da rana, sai ya koma kamar 340. Kusan 100 na komawa, 240 na zama. Ninka iskar kabon-dayoksaid sau biyu kuwa, duk surutun da ake yi a kansa, abin da yake ƙarawa bai kai wat 4 ba. To ka ga manhajar da ta yi kuskuren wat 5 ta riga ta haɗiye abin da ake nema ɗungurungum. Shi ya sa ba a wasa da wannan sashe.

RRTMG ya fito ne daga kamfanin AER da ke jihar Masacusets. Eli Mlawer da abokan aikinsa suka fitar da asalinsa, RRTM, a 1997, sannan Michael Iacono da su suka bayyana wanda aka rage wa nauyi domin manyan manhajojin yanayi a 2008. Ya shiga WRF a 2009. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, ta ɗauki ɓangaren dogon zangonsa a 2000, na gajeren zango a 2007, manhajar GFS ta Amurka ma da shi take aiki. Ba a biyan ko sisi. An rubuta shi da Fortran, wanda yaran yanzu ke kallo kamar rubutun kakanni, amma ba sai ka taɓa cikinsa ba.

Dabararsa ita ta fara burge ni. Tururin ruwa da kabon da ozon da metan ba sa shan haske bai ɗaya. Kowace iska tana da siraran layuka inda take sha, kuma rumbun bayanai na HITRAN yana ɗauke da irin waɗannan layuka har miliyoyi. Akwai manhajar da ke bin su ɗaya bayan ɗaya, LBLRTM, wadda Shepard Clough ya jagoranci ginawa a kamfanin nan dai. Ita ce alƙali. Amma nauyinta ba zai bari a sa ta cikin kwaikwayon yanayi na shekara talatin ba, ko da kwamfutar ta kai girman ɗaki. Abin da RRTMG ke yi shi ne ya raba dogon zango rukuni 16, gajeren zango rukuni 14. A cikin kowane rukuni sai a jera ƙarfin shan hasken daga mai rauni zuwa mai ƙarfi, ba tare da damuwa da inda kowane layi yake ba, a zaɓi 'yan wakilai kaɗan. Jimillar wakilan 140 ne a dogon zango, 112 a gajere. Lissafi 252 ke nan a madadin miliyoyi.

Tambayar ita ce me aka rasa a wannan ragi. Masu shi sun ce a sarari tangaran, babu gajimare, bambancinsa da LBLRTM a dogon zango bai wuce wat 1.5 ba, a gajeren zango kuma yana tsakanin wat 3 da babban yayansa RRTM. Ba maganarsu kaɗai na dogara da ita ba. Gwada irin waɗannan manhajoji da juna tsohuwar al'ada ce. An yi babban gwaji mai suna ICRCCM wanda sakamakonsa ya fito a 1991, aka tarar masu bin layi-layi sun yi kusa da juna, masu gajerta hanya kuma kowa ya kama gabansa, sannan babu ingantaccen awo na zahiri da zai raba gardama. Wannan giɓi na cikin abin da ya sa Amurka ta kafa tashar ARM a filayen Oklahoma a 1992, inda na'urori ke auna haske da zafi da tururi dare da rana. Da awon wannan tasha aka yi ta gyara LBLRTM, musamman yadda tururin ruwa ke sha a tsakanin layuka. A 2006 William Collins ya jagoranci wani gwajin a kan manhajojin da rahoto na huɗu na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ya dogara da su, ya nuna cewa ko a kan tasirin ninka kabon ba bakinsu ɗaya ba, alhali masu bin layi-layi sun yarda da juna. A 2012 kuma aka fitar da sakamakon wani gwajin mai suna CIRC, wanda ya ɗauki yanayi 7 da aka auna da gaske, 5 babu gajimare, 2 da gajimare rufe ruf. Darasin da ya fito shi ne dogon zango ya fi gajere daidaito, kuma manhajoji da yawa suna rage yawan hasken ranar da iska ke shanyewa.

A wannan fage ba ni da ƙorafi. Idan ka ba RRTMG zafin iska da tururi da iskoki daidai, a rana mai sarari irin ta ƙarshen Oktoba bayan ruwa ya ɗauke ya wanke sama, amsarsa abin dogaro ce. Kwatanta shi da lamba 1 ta gajeren zango, tsarin Dudhia na 1989, wanda ɗalibai ke so saboda gudu. Wancan yana ɗaukar hasken rana a dunƙule, yana lissafa mai saukowa kawai, ba ya ma sanin ozon. Ya wadatar idan hasashen ruwan gobe kake yi a ƙaramin yanki. Idan kuwa taken aikinka yana da kalmar sauyin yanayi a ciki, kar in gan shi.

Amma a dubi inda aka yi waɗancan gwaje-gwaje na CIRC: Oklahoma, gaɓar arewacin Alaska, da gaɓar Kalifoniya. Babu hazon hunturu a cikinsu.

Duk wanda ya yi Disamba da Janairu a Jos ya san safiyar da za ka tashi ka duba gabas ka nemi duwatsun Shere ka rasa, rana ta fito fara fat kamar wata, har kana iya kallonta da ido. Masu haɗa sola a Terminus da Bukuru sun san ta fiye da ni, don a irin wannan mako ne kwastoma ke kira yana cewa batir ba ya cika. Mafi yawan ƙurar nan daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta share busasshen gindin tsohon tafkin da ya taɓa mamaye yankin. Babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi fitar da ƙura. Kuma ba kullum take zuwa daidai wa daida ba. Sai ta turnuƙe kwana uku ko huɗu, ta lafa, ta sake dawowa.

To ga abin da ɗalibai da yawa ba su lura da shi ba. A WRF akwai wani layi, aer_opt, wanda idan ba ka taɓa shi ba yana kan 0, ma'ana babu ƙura, babu hayaƙi. RRTMG zai yi maka lissafi mai kyau ƙwarai na Jos ɗin da babu hazo a cikinta a tsakiyar Janairu, garin da babu shi a duniya. Hasken da ya iso ƙasa zai yi yawa, zafin tsakar rana zai haura, ruwan da ƙasa ke fitarwa ya ƙaru, kuma duk abin da ka gina a kai, ko buƙatar ban ruwan dankalin rani ne a Bokkos da Mangu, ya tafi a karkace. Idan ka sa 1, za a ɗauko maka taswirar Tegen ta 1997, matsakaicin wata-wata, kowane gida digiri 5 a faɗi da 4 a tsaye. Gida ɗaya ya fi tazarar Jos zuwa Abuja nesa ba kusa ba. Ya fi babu, amma matsakaicin wata ba ya nuna turnuƙewar kwana uku. Lamba 2 ita na fi so, domin kai ne za ka ba shi kaurin hazon da kanka, tare da yadda ƙurar ke sha da yadda take watsa haske. Sai dai a nan ne za ka tsaya kana tambayar kanka: daga ina zan samo?

Tashar auna hazo ta AERONET da muka fi dogara da ita a Nijeriya tana Ilorin, tana aiki tun 1998, kuma a hunturu kaurin hazon da take aunawa kan haura 1 sau da yawa, wanda ke nufin hasken da ke zuwa kai tsaye daga rana ya ragu da fiye da rabi. Amma Ilorin tana nesa da mu da sama da kilomita 400, kuma tana ƙasa. Mu muna kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, saboda binciken DABEX da aka yi da jirgin sama daga Yamai a Janairu da Fabrairun 2006 ya nuna ƙurar hunturu tana kwanciya ne a ƙasa-ƙasa, cikin kilomita biyu na farko, hayaƙin ƙone daji kuma yana hawa samanta. Ke nan wani kaso na ƙurar da ke kan mutumin Akwanga ko Kafanchan yana ƙasa da ƙafar mutumin Rayfield, hayaƙin kuwa yana kanmu duka. Hayaƙi baƙi ne, ya fi ƙura shan haske. Wanda ya ɗauko lambar Ilorin ya liƙa wa Filato bai yi wa RRTMG adalci ba idan amsa ta fito ba daidai ba.

Gwajin da ya fi kusa da yanayinmu an yi shi ne a Yamai. A 2006 aka kai tashar ARM mai tafiya can ta shekara, tauraron Meteosat yana auna abin da ke fita ta sama da na'urar GERB, ana auna abin da ke isowa ƙasa a lokaci guda. A farkon Maris na shekarar wata gagarumar guguwar ƙura ta rufe Afirka ta Yamma. Anthony Slingo da abokan aikinsa suka ruwaito cewa hasken tsakar rana a ƙasa ya ragu da kusan wat 250, kuma manhajojin lissafin haske da suka gwada sun gaza kai yawan abin da iska ta shanye. A ajiye wannan 250 kusa da wat 1.5 ko 3 da ake taƙama da su, a ga inda matsalarmu take. A 2020 kuma Adeyemi Adebiyi da Jasper Kok suka nuna cewa manyan ƙwayoyin ƙura da ke yawo a sama sun ninka abin da manhajojin sauyin yanayi ke ɗauka kusan sau huɗu. Manyan ƙwayoyin ne suka fi shan hasken rana, su ne kuma suka fi tare zafin da ƙasa ke fitarwa.

A nan akwai abin da yake na RRTMG ne shi kansa, ba na abin da aka ba shi ba. A dogon zango yana lissafa sha da fitarwa ne kawai, ba ya lissafa watsuwa. Ga iskoki babu laifi. Ga manyan ƙwayoyin ƙura da siraran gajimaren ƙanƙara na can sama, an bar wani abu a baya. A garin da sanyin asuba ke iya ƙona ganyen shuka, yadda dare ke riƙe zafi ko ya sake shi abu ne da manomi ke ji a aljihunsa.

Damina kuma labarin gajimare ne. Gida ɗaya na manhaja yana iya zama kilomita 10 ko 25, gajimaren cikinsa kuma rabi ne ko sulusi, hawa bisa hawa. RRTMG yana amfani da dabarar McICA ta 2003: kowane wakili daga cikin waɗancan 252 ana ba shi nasa tsarin gajimaren da aka zaɓa da ƙuri'a, don haka amsar sa'a guda tana ɗan rawa, amma matsakaicinta ba ya karkata gefe. Dabara ce mai kyau, ban taɓa ganin rawar ta dame ni a aikin wata ko na shekara ba. Sai dai shi ba ya ƙirƙirar gajimare, karɓa yake daga wasu sassan. Binciken DACCIWA na Yuni da Yulin 2016, mai tashoshi a Kumasi da Save da Ile-Ife, ya mai da hankali ne kan gajimaren nan na ƙasa-ƙasa da ke haɗuwa da dare ya kai hantsi bai watse ba, wanda manhajojin yanayi da yawa ke ragewa, har su bar rana ta yi yawa a ƙasa. Agustan Jos, da hazon ruwansa da ke sauka har kan titi a hanyar Heipang, ɗan gidan wannan matsala ne, ga tudu kuma ya ƙara mata. RRTMG injin markaɗe ne mai kaifi. In ka zuba masa ruɓaɓɓen tumatir daga Farin Gada, zai markaɗa maka shi lukwi, miya dai ta ɓaci.

Sai batun da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a wajen duba ayyukan ɗalibai. Yaro zai gama kwaikwayonsa, ya sauko da bayanan hasken rana na tauraron ɗan'adam daga NASA POWER ko CERES ko SARAH na Turai, ya zana layi biyu sun hau kan juna, ya rubuta cewa an tabbatar da ingancin manhaja. Tauraron ɗan'adam ba ya auna hasken da ya iso ƙasa. Yana ganin abin da ya komo sama ne, sannan a yi amfani da wata manhajar lissafin haske, da wani ƙiyasin ƙura, a fitar da na ƙasa. Ka gwada lissafi da lissafi ke nan, kuma idan dukansu sun rage ƙura za su yarda da juna a kan kuskure ɗaya. Ga kuma girman gida: na CERES digiri 1 ne, kusan kilomita 110, yana iya haɗa saman tudu da gangarensa a lamba guda. SARAH ya fi laushi sosai, digiri 0.05, yana da kyau wajen gajimare, amma ƙurarsa ta matsakaicin wata ce. Ban hana amfani da su ba, ni ma ina yi. A dai kira su da sunansu.

Awon ƙasa shi ne alƙalin gaskiya, shi ne kuma muke da ƙarancinsa. Tsofaffin bayanan hasken rana na Nijeriya da yawa daga na'urar Gunn-Bellani suke, wadda ke auna ruwan da zafin rana ya tace a cikin bututu, sai a juya mililita zuwa makamashi da wata lamba da masu bincike ba su ma daidaita a kanta ba. Wasu kuma sa'o'in fitowar rana ne kawai, a bi da su ta lissafin Angstrom. Ba za ka kama kuskuren wat 10 da irin wannan ba. Ilorin ta taɓa zama cikin tashoshin BSRN na duniya, masu awo mafi inganci, kuma bayananta na wancan lokaci har yanzu suna da daraja. Hukumar NiMet da cibiyar binciken sararin samaniya da ke Anyigba suna da tashoshi masu sarrafa kansu, ya kamata ɗalibi ya rubuta takarda ya nema kafin ya ce babu.

Wajen nauyi, RRTMG yana cin lokaci, ba a ɓoye wannan ba. Shi ya sa ba a kiransa a kowane taki. Ƙa'idar da aka saba ita ce minti ɗaya ga kowace kilomita ta faɗin gida, wato gidan kilomita 10, a sa radt, layin da ke faɗin minti nawa ne tsakanin kira da kira, a kan 10, kuma a bar lamba ɗaya ga duk gidajen da ke cikin juna. Wasu na kai shi 60 don aiki ya yi sauri, sai gajimare ya wuce inuwarsa tana nan. A kwamfutar ofis irin tawa, da wutar da ake ɗaukewa ba sallama, abin da ya fi ceto shi ne a sa manhajar ta riƙa ajiye fayil ɗin ci gaba a kai a kai. Wani abin dubawa kuma: tsofaffin fitowar WRF sun kafe kabon na RRTMG a kan 379 cikin miliyan, adadin 2005, alhali yanzu an haura 420. Sababbin sun gyara wannan, amma na san kwamfutoci da dama a makarantunmu da tsohuwar ke kansu, ana gadonta daga ɗalibi zuwa ɗalibi a filashi. Mai aiki da RegCM, wata manhajar kwaikwayon yanayi ta cibiyar ICTP da ke Italiya, shi ma ya duba, domin a can tsohon tsarin CCM3 ne ke zuwa a kunne, RRTMG sai ka zaɓe shi.

Akwai waɗanda suka zo bayansa. RRTMGP na Robert Pincus da Mlawer ya fito a 2019 da sababbin bayanan iskoki, ECMWF kuma ta koma ecRad a 2017, wanda ke iya lissafa watsuwa a dogon zango. Wanda ya sami damar aiki da su ya yi. Amma babu ɗayansu da zai san yawan ƙurar da ke kan Naraguta ranar 10 ga Janairu idan ba a gaya masa ba.

Saboda haka ɗalibin da ke son in sa hannu a aikinsa, ya nuna mini abin da ya sa a aer_opt da dalilinsa, ya raba sakamakon hunturu da na damina kar ya cakuɗa su a matsakaicin shekara inda kuskuren wannan ke rufe na wancan, ya ware ranakun sarari ya gwada su daban. In kuma sashensu na da firanomita, na'urar auna hasken rana, a kan rufi, ko ta aro ce, a sa wani ya riƙa hawa yana goge gilashinta kowace safiya daga Nuwamba zuwa Maris, a rubuta ranar da aka goge da ranar da ba a goge ba a littafi ɗaya da awon.